Fim ɗin da ya fi kowane a 2019: wa ke yanke hukunci, kuma da wace tiya ake awo?

Duk ƙarshen shekara, daga tsakiyar Disamba har zuwa watan Maris, jaridu da gidajen talabijin da shafukan intanet sukan cika da jerin "fina-finai goma da suka fi kyau a bana". Mai karatu ya buɗe wannan ya ga suna ɗaya a sama, ya buɗe wancan ya tarar da wani sunan daban, har ya rasa wanda zai gaskata. Ba wai wani ne ya yi ƙarya ba. Fim ba kokowa ba ne. A filin kokowar gargajiya, in aka yi kaye kowa ya gani, wanda ya tsaya a ƙarshe shi ke ɗaukar takobi, ko ɗan jiharku ne ko ba shi ba ne. A harkar fim babu wanda ke faɗuwa ƙasa. Awo ake yi, kuma kowane mai awo da tiyar da ya zo da ita kasuwa.

Shekarar 2019 ta dace a yi misali da ita. Ita ce cikakkiyar shekara ta ƙarshe kafin annobar korona ta rufe gidajen sinima a duniya, ƴan Afirka sun taka rawar gani a cikinta, sannan an samu ƴan shekaru a tsakani, ƙura ta lafa. Wanda ya tambayi wane fim ne zakaran 2019 zai samu amsa aƙalla biyar, kuma kowace da hujjarta.

Tiyar kuɗi

Awon da ya fi sauƙi shi ne na ciniki: nawa fim ya tara a ƙofar sinima. A nan babu gardama. Avengers: Endgame na kamfanin Marvel ya tara kusan dalar Amurka miliyar 2 da miliyan 800, har ya ture Avatar daga matsayin fim ɗin da ya fi kowane ciniki a tarihi, kafin Avatar ɗin ya sake karɓe kujerarsa a 2021 da aka maimaita nuna shi a ƙasar Sin. In aka maida wannan kuɗi zuwa sefa a farashin lokacin, ya haura miliyar 1,600. Kasafin kuɗin ƙasar Nijar baki ɗaya a wannan shekara miliyar dubu 2 ne da ƴan kai.

Amma a dubi sauran jerin. A cikin fina-finai goma da suka fi ciniki a duniya a 2019, bakwai na gidan Disney ne. Kuma a cikin goman babu ko ɗaya da aka ƙago labarinsa daga tushe: ko dai ci gaban wani fim ne, ko tsohon fim da aka sake yi kamar Le Roi Lion da Aladdin, ko jarumin littafin zane da mutane suka daɗe da sani. Wato abin da tiyar kuɗi ke aunawa shi ne ƙarfin talla, da yawan gidajen sinimar da kamfani ke iya kamawa a mako guda, da tsadar tikiti a ƙasashen masu hali. Mutum ɗaya da ya shiga sinima a New York ya fi mutum da yawa a Mumbai nauyi a wannan lissafi. Faransa ta ɗan gyara abin, tunda ita kawunan mutane take ƙirgawa ba kuɗi ba. A can Le Roi Lion ne ya zo na ɗaya da ƴan kallo kusan miliyan 10. A ƙasar Sin kuwa wani fim ɗin zane mai suna Ne Zha ya tara sama da dala miliyan 700, kusan duka a cikin gida, alhali a wajenmu da wuya ka samu wanda ya taɓa jin sunansa.

A watan Oktoban shekarar ne dattijon darakta Martin Scorsese ya tada ƙura, da ya ce shi a wajensa fina-finan Marvel sun fi kama da filin wasan yara da sinima. An yi makonni ana cacar baki. Ni ina ganin ya ɗan yi tsauri, domin faranta ran mutum miliyoyi shi ma gwaninta ce. Sai dai mai cewa wanda ya fi ciniki shi ya fi kyau, kamar mai cewa taliyar leda ta fi kilishi ne don an fi sayenta.

Mutum tara a ɗaki ɗaya

Tiya ta biyu ita ce ta bukukuwan baje kolin fina-finai. Manyansu a Turai uku ne: Berlin a watan Fabrairu, Cannes a watan Mayu, Venise a ƙarshen Agusta zuwa Satumba. A nan ba jama'a ke zaɓe ba. Masu shirya biki su ke tace ɗaruruwan fina-finai su fitar da ashirin ko kusa da haka, sannan a naɗa ƴan alƙalai kaɗan su kalla, su shiga ɗaki su yi ta muhawara har su daidaita.

A Cannes na 2019 fina-finai 21 ne suka shiga gasa, alƙalai tara, shugabansu Alejandro González Iñárritu ɗan ƙasar Meziko. A cikinsu akwai Maimouna N'Diaye, ƴar wasan da ta ci kyautar jaruma a FESPACO na 2015. Su taran baki ɗaya suka amince a ba Parasite na Bong Joon-ho, ɗan Koriya ta Kudu, babbar kyauta ta Palme d'or. Kyauta ta biyu, Grand Prix, ta tafi ga Atlantique na Mati Diop, ƴar Senegal da Faransa, wadda ita ce baƙar mace ta farko da fim ɗinta ya shiga babbar gasar tun da aka fara bikin. Kyautar alƙalai kuwa aka raba ta tsakanin Bacurau na Brazil da Les Misérables na Ladj Ly, Bafaranshe ɗan asalin Mali.

Sauran bukukuwan biyu kowane da nasa gwanin. Berlin ta zaɓi Synonymes na Nadav Lapid. Venise ta ba mutane mamaki ta ɗauki Joker. Dalili ɗaya da ke hana a samu zakara guda shi ne, fim ɗin da ya yi gasa a ɗayan bukukuwan nan ba ya shiga gasar ɗaya. Parasite da Joker ba su taɓa tsayawa gaban alƙalai ɗaya ba sai da aka je Amurka. Kuma da a ce an canza mutum uku a cikin taran nan, ba mamaki sakamakon ya canza.

Yadda ake zaɓe a Oscar

Kyautar Oscar ita ce ta fi amo, shi ya sa mutane da dama ke ɗaukarta gasar duniya. A gaskiya ƙungiya ce ta ma'aikatan fim mai mazauni a Los Angeles, wadda masu ƙuri'arta a lokacin sun haura 8,000: ƴan wasa, daraktoci, marubuta, masu ɗaukar hoto, masu haɗa sauti da sauransu, akasarinsu Amurkawa. Bong Joon-ho da kansa, watanni kafin ya ci, ya faɗa wa wata mujalla cewa Oscar ba bikin duniya ba ne, bikin ƴan gida ne.

Ga babbar kyauta ta fim mafi kyau, tun 2009 suna bin wani tsari da ya kamata a fahimta. Mai ƙuri'a ba fim ɗaya yake zaɓa ba, jera su yake yi daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. In babu wanda ya samu fiye da rabin ƙuri'u, sai a cire na ƙarshe, a duba wa magoya bayansa suka sa a na biyu, a ƙara masa. Haka za a yi ta yi har wani ya haye rabi. Ya yi kama da zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, inda ƴan takarar da suka faɗi ke cewa magoya bayansu su bi wane, sai dai a nan duk zagayen a takarda ɗaya ake yin su. Abin da wannan ke haifarwa shi ne, fim ɗin da wasu ke mutuwar so wasu kuma ke ƙi jini yakan sha ƙasa, wanda kowa ya sa a na biyu ko na uku ya wuce. Joker ya shiga da takara 11, fiye da kowa, ya fita da kyauta biyu. The Irishman na Scorsese ya shiga da 10, ya fita hannu rabbana. Shi kuwa Endgame mai tarin dukiya, takara ɗaya tak ya samu, ita ma bai ci ba.

Masu hasashe sun fi sa ran 1917 na Sam Mendes, fim ɗin yaƙin duniya na farko da aka shirya kamar an ɗauke shi a tashi ɗaya ba yanka, tunda shi ya ci Golden Globe da kyautar BAFTA ta Ingila. A daren 9 ga Fabrairun 2020 sai aka kira Parasite. Kyauta huɗu ya ɗauka, har da ta darakta da ta rubutun labari, kuma shi ne fim na farko da ba da Turancin Ingilishi aka yi shi ba da ya ci babbar kyautar a karo 92 da aka yi bikin. Wannan bai faɗo daga sama ba. Bayan surutun da aka yi a 2015 da 2016 cewa duk ƴan wasan da aka tsayar takara fararen fata ne, ƙungiyar ta riƙa gayyatar ɗaruruwan sababbin membobi kowace shekara, da yawansu daga wajen Amurka. An canza masu awo, awo ya canza.

Akwai kuma maganar da ba a cika yi ba: neman Oscar kamfe ne, kamar na siyasa. Kamfanoni na kashe miliyoyin dala wajen talla, da shirya kallo na musamman, da yawo da darakta gari gari yana gaisawa da masu ƙuri'a. Fim ɗin da ba shi da mai ɗaukar masa wannan nauyi, komai kyansa, yawancin masu zaɓe ba za su ma kalle shi ba.

Ƙofar da aka rufe wa Lionheart

A lokacin, ga ƙasashen waje akwai ƙaramar ƙofa guda: kowace ƙasa ta aiko da fim ɗaya. A 2019 ƙasashe 93 suka aiko. Najeriya, duk da yawan fina-finan da take fitarwa, wannan ne karonta na farko, kuma ta zaɓi Lionheart na Genevieve Nnaji, labarin wata mata da ke ƙoƙarin ceto kamfanin motocin safa na mahaifinta a Inugu. Masu kallon fina-finan Hausa za su gane fuskoki biyu a ciki, Sani Mu'azu da Yakubu Mohammed, waɗanda suka fito a matsayin attajirin Kano da ɗansa.

A farkon Nuwamba aka fitar da fim ɗin daga gasar. Dalili: doka ta ce dole mafi yawan maganar da ke cikin fim ta kasance ba da Ingilishi ba, shi kuwa Lionheart a cikin minti 95 ɗinsa, abin da ba Ingilishi ba bai wuce minti 11 ko 12 ba. Nnaji ta maida martani cewa Ingilishi shi ne gadar da ke haɗa ɗaruruwan harsunan ƙasarta, kuma ba ƴan Najeriya ne suka zaɓi wanda ya yi musu mulkin mallaka ba. Abin dariyar shi ne, a wannan shekarar ce aka canza sunan rukunin daga "fim ɗin harshen waje" zuwa "fim ɗin ƙasa da ƙasa", amma aka bar dokar harshen yadda take. Da ɗan Yamai ko ɗan Abijan zai yi fim ɗinsa kaf da Faransanci, da an karɓa ba tambaya, alhali shi ma harshen ɗan mulkin mallaka ne.

Wannan doka, ba da niyya ba, ta buɗe wa Hausa hanya. Shekarar da ta biyo baya Najeriya ta aika da The Milkmaid, wanda yawancinsa da Hausa ne, a 2024 kuma ta aika da Mai Martaba. Nijar ma ta riga maƙwabciyarta shiga da shekara guda: a 2018 ta aika da Zin'naariyâ! na Rahmatou Keïta. Babu ɗayansu da ya kai biyar ɗin ƙarshe. A 2019 ɗin Atlantique, da sunan Senegal, ya kai cikin goma sannan ya tsaya. Ko a tarihi, sau uku kacal wata ƙasar Afirka ta ci wannan rukuni: Aljeriya da Z, Kodebuwa da Noirs et Blancs en couleur, sai Afirka ta Kudu da Tsotsi a 2006. Biyun farko kuwa daraktocinsu Turawa ne.

Masoya fina-finan Indiya, kuma mun san suna da yawa daga Maraɗi har Agadas, su ma sun ga irin wannan saɓani a shekarar. War na Hrithik Roshan da Tiger Shroff shi ya fi ciniki. Gully Boy na Zoya Akhtar shi ya kwashe kyautar Filmfare har 13, shi Indiya ta tura Oscar, bai ko shiga cikin goma ba.

Fim ɗin wace shekara?

Sai masu sharhi, waɗanda aikinsu ke nan kallon fim da rubutu a kai. Mujallar Cahiers du cinéma ta Faransa ta sa Le Livre d'image na Jean-Luc Godard a na ɗaya, fim ɗin da ba shi da labari ko jarumi, gutsattsarin hotuna ne da muryar tsoho. Mujallar Sight and Sound ta Ingila ta sa The Souvenir na Joanna Hogg. Faransawa sun ɗauki nasu, Ingilawa sun ɗauki tasu, kowa ya yabi fatarsa. Amma a duka biyun Parasite ne na biyu, kuma wannan ya fi na ɗayan faɗar gaskiya.

A nan ma wata matsala ke fitowa, ta kalanda. Fim ɗin Godard a Cannes na 2018 aka fara nuna shi, amma sai a 2019 jama'ar Faransa suka gan shi. Lionheart ma a Toronto aka fara nuna shi a Satumban 2018. Kowace ƙasa tana lissafi ne da ranar da fim ya iso wajenta. Ga Afirka abin ya fi haka tsanani, domin babban bikinmu, FESPACO na Wagadugu, sau ɗaya ake yinsa a shekara biyu. Na 2019 shi ne karo na 26, kuma ya zo daidai da cikar bikin shekara 50. Babbar kyautarsa, Étalon d'or de Yennenga, mai ɗauke da sefa miliyan 20, ta tafi ga Joël Karekezi ɗan Ruwanda saboda The Mercy of the Jungle, labarin sojoji biyu, saje da kurtu, da suka ɓace wa rundunarsu a dajin Kivu a yaƙin Kwango na 1998. Fim ɗin 2018 ne, ya ci kyautar 2019. Masu jera fina-finan 2018 ba su gan shi ba, masu jera na 2019 kuma suka ce ya tsufa.

Ba laifi a tuna, tunda matasa da yawa sun san sunan a jikin ginin cibiyar al'adu ta Yamai kawai: mutum na farko da ya fara ɗaukar wannan kyauta ta Yennenga, a 1972, ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame.

Waɗanda ba a ƙirgawa

Yanzu a tambayi mai shayi a Damagaram, ko matar gida a Tawa, ko ɗan kabu-kabu a Maraɗi, wane fim ya fi burge shi a 2019. Da wuya ya ambaci ko ɗaya daga cikin waɗanda aka lissafa a sama, in ba War ba, shi ma fassarar Hausa. Abin da ya kalla fim ɗin Kano ne, ko wani shiri mai dogon zango irin Kwana Casa'in da tashar Arewa24 ta fara nunawa a shekarar. Kuma ba a sinima ya kalla ba. Wajen mai tura fina-finai a bakin kasuwa ya kai katin wayarsa aka zuba masa, shi ma ya tura wa abokansa biyar, su ma suka tura gaba.

Wannan kallo, komai yawansa, babu inda ake rubuta shi. Tsoffin gidajen sinima na garuruwanmu sun daɗe da mutuwa, zauren CanalOlympia da aka buɗe a Yamai a 2017 kuwa ba zai wakilci ƙasa guda ba. Babu tikiti, babu lissafi. Adadin da kowa ke iya gani shi ne na YouTube, shi ma masu kuɗin sayen mega kawai yake ƙirgawa. Shi ya sa jerin "fina-finan Hausa da suka yi fice a bana" da ake fitarwa duk Disamba yakan dogara kan abin da ya fi tashe a Facebook da Instagram, da waƙar da ta fi shiga gidajen biki, da jarumin da ya fi yawan magoya baya masu zafin baki. Tashe ma awo ne, ba a raina shi. Amma ba ya gaya wa darakta inda labarinsa ya yi rauni, ba ya kuma nuna wa mai kallo ƙaramin fim mai kyau da ba shi da babban suna a ciki. Abin da harkar fim ɗin Hausa ta fi rasawa, a ganina, ba kyamara ba ce. Masu sharhi ne da za su kalli fim su faɗi abin da suka gani, ba tare da tsoron ɓata wa wani rai ko jiran goro daga furodusa ba.

In aka ce in jera nawa

Tunda kowa da tiyarsa, ga tawa: fim ɗin da bayan shekaru har yanzu ina iya tuna wani wuri a cikinsa, kuma ya sa na ga wani abu da na saba gani kullum da wani ido daban.

Da wannan awo Parasite ne na ɗaya, ba tare da na yi dogon tunani ba. Iyali ne na mutum huɗu a birnin Seoul, suna zaune a ɗakin da rabinsa ke ƙarƙashin ƙasa, suna naɗe kwalayen abinci don samun na cefane. Ɗan ya samu aikin koyar da ƴar wani attajiri da takardar shaidar jabu, sai ya jawo ƙanwarsa, ita ta jawo uban a matsayin direba, uban ya jawo uwar a matsayin mai aikin gida, biyun ƙarshe sai da aka yi makircin da aka kori wanda ke wurin, kuma masu gida ba su san dangi ɗaya ba ne. Rabin farko dariya ce zalla. Abin da ya ɗaga fim ɗin shi ne bai mai da attajiran mugaye ba, bai mai da talakawan waliyyai ba. Masu gidan suna da fara'a, suna biya a kan lokaci. Abu ɗaya ne kawai: wari. Maigida yana jin wani wari a jikin direbansa, warin ɗakin da rana ba ta shiga, kuma direban ya ji lokacin da ake faɗa. Sannan ga daren ruwan sama, wanda ya cika gidan talakawan da ruwan masai har wuya, suka kwana a zauren wasanni tare da ɗaruruwan maƙwabta, da safe uwargidan attajiri tana waya a bayan mota tana murnar ruwan jiya ya wanke sararin sama. Duk wanda ya ga yadda damina ɗaya ke zama rahama a wata unguwar Yamai ta zama masifa a Harobanda, ba ya bukatar a fassara masa wannan wuri.

Na biyu Atlantique, kuma na san a nan wasu za su ce son kai ne. Samari ne leburori a Dakar, suna gina wani dogon bene, an hana su albashin watanni. Dare ɗaya suka shiga kwalekwale suka nufi Spain, teku ta cinye su. An sha yin fim a kan masu tafiya. Mati Diop ta bar kyamararta a wajen waɗanda aka bari, musamman Ada, budurwar da ke son ɗaya daga cikinsu alhali an yi mata baiko da wani mai kuɗi. Sai matattun suka dawo, ba a jikinsu ba: da dare suna hawa kan ƴan matan unguwa, su tashi da fararen idanu, su je falon mai ginin su zauna suna neman hakkinsu. Masu sharhi a Turai sun yi ta neman sunan da za su ba wannan salo. Mai kallo a ƙasar Hausa, inda ba a bukatar a yi wa kowa bayanin iska ta hau mutum, kuma kusan kowane gida a Adar yana da wanda ya tafi bida, zai karɓi labarin yadda yake. Yana da rauninsa. Ɓangaren ɗan sandan da ke bincike bai kai sauran ƙarfi ba. Amma da Wolof aka yi shi, da ƴan wasan da yawancinsu ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba, kuma bai roƙi tausayin kowa ba.

Les Misérables na uku. Ladj Ly ya ɗauke shi a Montfermeil, unguwar da ya tashi a bayan birnin Paris: yaro ya saci ɗan zaki daga wajen masu wasa da dabbobi, ƴan sanda uku suka bi sawu, ɗayansu ya harbe shi da harsashin roba a fuska, wani yaron kuma ya ɗauki abin da ɗan jirginsa mai kyamara. Duk mai ɗan'uwa a Faransa da ke aiko hoto a gaban hasumiyar Eiffel ya kamata ya kalle shi. Shi ya ci César na fim mafi kyau a ƙarshen Fabrairun 2020. Joker kuwa, Joaquin Phoenix ya yi wasan da ya cancanci kyautarsa, amma in aka cire shi babu abin da ya rage a tukunyar. 1917 gwaninta ce ta masu kyamara, na yaba, na manta.

Akwai alƙali ɗaya da ba ya zuwa biki, wato shekaru. Duk shekara goma Sight and Sound kan tambayi masana fina-finan da suka fi kyau a tarihi baki ɗaya. A 2022 mutum sama da 1,600 suka amsa. Daga fina-finan 2019, biyu ne suka shiga ɗari na farko: Parasite a na 90, sai Portrait de la jeune fille en feu na Céline Sciamma a na 30. Wannan na biyun, a Cannes kyautar rubutun labari kawai aka ba shi, kuma Faransa ta tsallake shi ta tura Les Misérables zuwa Oscar. Endgame da Joker da 1917 babu ko ɗaya a ciki. A 2025 kuma jaridar New York Times ta tambayi ma'aikatan fim sama da 500 game da fina-finan wannan ƙarni, Parasite ya zo na ɗaya.

A jerin 2022 ɗin nan akwai wani fim ɗin Senegal na 1973 a matsayi na 66, sama da Parasite: Touki Bouki, labarin saurayi da budurwa a Dakar da ke mafarkin shiga jirgin ruwa zuwa Paris. Ya yi shekaru da dama ba a cika samun inda za a kalle shi ba, sai da gidauniyar da Scorsese ya kafa ta gyara shi a 2008. Wanda ya yi shi, Djibril Diop Mambéty, ya rasu tun 1998. Baffan Mati Diop ne.